Yaɗuwar Ƙwayoyin Cutar Kwamfuta Zuwa Manhajojin Mac da Linux: Dalilai da Matakan Kariya

Tsakure

Muƙalar ta dubi ra'ayin nan da ya zama ruwan dare cewa ƙwayar cutar kwamfuta ba ta kama na'urar da ba ta aiki da Windows. An kawo misalan hare-haren da suka auku a kan Mac da Linux, inda aka gano cewa ƙarancin hari bai zama kariya ba. Daga ƙarshe an bayyana matakan tsare bayanai.

1.0 Gabatarwa

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da dukkan ayyukan na'ura, kamar Windows da macOS da Linux. Ƙwayar cutar kwamfuta kuwa, wadda wasu ke kira bayiros, a wannan muƙala tana nufin duk wata muguwar manhaja da aka ƙirƙira domin sata ko ɓarna ko leƙen asiri. Batun ya shafi manazarta kai tsaye, domin kundayen bincike da hirarrakin da aka naɗa da hotunan rubuce-rubucen ajami duk a kwamfuta ake adana su a yau.

2.0 Asalin Ra'ayin

Shekaru da dama Windows ce ta mamaye kasuwar kwamfutocin ofis da na gida, saboda haka masu kutse suka fi karkata gare ta, kasancewar can riba take. Wannan ya sa masu Mac da Linux suka saki jiki. Sai dai tarihi bai goyi bayansu ba. Elk Cloner, ɗaya daga cikin ƙwayoyin farko da suka yaɗu tsakanin jama'a, kwamfutar Apple II ta kama a 1982. Haka nan tsutsar Morris ta 1988 na'urorin Unix ta addaba.

3.0 Misalan Hare-hare

A 2012 ƙwayar Flashback ta kama kwamfutocin Mac sama da 600,000. Da farko ta riƙa zuwa a rigar manhajar Adobe Flash Player, daga baya ta koma bi ta wata kafa da aka samu a Java. A watan Maris na 2016 kuma aka gano KeRanger, wadda aka cusa a cikin manhajar Transmission. Aikinta shi ne kulle fayilolin mai Mac, sannan ta nemi kuɗin fansa.

Linux ma ba ta tsira ba, domin ita ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, da ƙananan na'urori masu tarin yawa. A 2016 Mirai ta mamaye kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. A watan Oktoban shekarar aka yi amfani da waɗannan na'urori aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari, lamarin da ya hana mutane da yawa shiga Twitter da Netflix. A watan Maris na 2024 kuwa, injiniya Andres Freund ya bankaɗo wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar XZ Utils, kafin ta kai ga yawancin masu amfani da Linux.

Abin lura shi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A waɗannan misalai tsagar ba ta wuce uku ba: yarda da manhajar da aka gurɓata, da jinkirin toshe kafa, da sakaci da kalmar sirri.

4.0 Matakan Kariya

i. A riƙa sabunta babbar manhaja da sauran manhajoji da zarar sabuntawa ta fito, domin da ita ake toshe kafofin da aka gano.

ii. Kada a sauke manhaja sai daga shafin mai ita ko rumbun da aka amince da shi. Manhajojin sata da ake rabawa kyauta sananniyar hanyar cuta ce.

iii. A canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, kuma kowane asusu ya kasance da tasa, tare da tantancewa mai mataki biyu.

iv. Idan na'ura ta nemi kalmar sirrin mai gudanarwa ba tare da dalilin da aka sani ba, a dakata.

v. A ajiye kwafin muhimman ayyuka a wata ma'ajiya da ba ta jone da kwamfutar. Wannan ne ke ceton mai bincike idan aka kulle masa fayiloli.

vi. A binciki filashi da maƙalallun saƙon imel kafin buɗewa ko turawa, domin Mac na iya isar da cutar Windows ga abokin aiki ko da ita ba ta kamu ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa masu kutse riba suke bi, ba sunan manhaja ba, kuma duk manhajar da masu amfani da ita suka ƙaru za ta ja hankalinsu. Don haka ya kamata sassan nazari a jami'o'i su tanadi tsarin adana kwafin kundaye da muryoyin da aka naɗa, musamman ganin cewa hirar da aka yi da dattijon da ya riga mu gidan gaskiya ba ta sake samuwa idan ta salwanta.