FILIN MANOMA: Koya wa Yaro Huɗa da Shanu

Jama'a, a makon nan maganarmu a kan mai riƙe garma take. Noman shanu ya shigo ƙasar nan tun shekarun 1920, amma har yanzu akan ga mutum, musamman ɗan kasuwa ko akawu, ya zuba kuɗi ya sayi bijimai biyu da garma, sai ran da ruwa ya sauka ya danƙa wa yaron da bai taɓa riƙe ta ba. Kafin mako guda kunyoyi sun karkace, wuyan sa ya yi miki, maƙwabta kuwa sun gama shuka.

To, lokacin koyo shi ne da rani, cikin Maris da Afrilu, sa'ad da babu gaggawa. Ga yadda za a bi.

Na farko, yaro ya saba da shanun. Shi zai riƙa ba su harawa da dusa da ruwa, yana kiransu da suna, har su gane muryarsa. Sa ba ya yi wa baƙo aiki da daɗin rai.

Na biyu, ka nuna masa ɗaura karkiya, ka kwance, shi ma ya ɗaura a gabanka. Kada ta matse, kada kuma ta yi sako-sako tana goge wuya.

Na uku, kada a fara da garma. A ɗaura wa shanun gungume su ja, yaro na biye yana koyon tsai da su da juya su da murya. Idan shanun ma sababbi ne, 'yan shekara 3, a haɗa ɗaya da tsohon sa wanda ya san aiki. Kada a haɗa sabon yaro da sababbin shanu babu gwani a wurin.

Na huɗu, da an sami ruwan fari ƙasa ta yi laushi, a ɗauko garma. Ka ja kunya biyu yana kallo, sa'an nan ka ba shi, kana tafe a gefensa. Ya kafa idonsa a kan wani itace can bakin gona, don kunya ta miƙe. Tsakanin kunya da kunya ya zama kamar ƙafa biyu da rabi, wato santimita 75. A fara da sassafe, a kwance shanu kafin rana ta yi zafi. Da an tashi ya wanke garma, ya duba notuna, ya shafa mata mai.

In ya yi kuskure, ka gyara masa nan take, ban da zagi. Yaron da ake yi wa tsawa, kan shanu yake hucewa, san da aka saba duka kuwa ba ya tafiya daidai.

Wanda ya rasa gwani a unguwarsu, ya nemi malamin gona ya zo ya nuna. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.