Wutar Lantarki Ba Ta Da Rumbu

Ya kai mai karatu, ka sani cewa kusan duk abin da ɗan Adam yake bukata don zaman duniya yana da ma'ajiya, hatsi da rumbunsa, ruwa da randarsa, kuɗi da asusunsu. Amma wutar da ke bin wayoyin ƙasa, in ka ɗebe ɗan abin da batura ke iya riƙewa, ba ta da inda ake tara ta a jira ranar bukata. Wadda ta haska ɗakinka daren jiya, a cikin wannan ƙiftawar idon aka samar da ita a wata tasha mai nisan zango da yawa. Saboda haka wajibi ne a kowace daƙiƙa abin da tashoshi ke bayarwa ya yi daidai da abin da jama'a ke ja, ba ragi ba ƙari, kamar mizanin mai awon zinariya.

Injunan tashoshin ƙasa duka da taki ɗaya suke juyawa, tamkar mata masu lugude a turmi guda, kuma takin nan a Nijeriya da Nijar da Ghana da Ingila shi ne kai-komo 50 a daƙiƙa. Idan jama'a suka ja fiye da abin da ake bayarwa, injuna su yi nauyi, takin ya ragu. In ba a yi maza an kai ɗauki ba, kowace tasha ta janye don tsare kanta, ƙasa ta auka cikin duhu baki ɗaya. Masu tsaron wannan mizani a Nijeriya suna zaune a Oshogbo, dare da rana idonsu na kan alƙaluma.

Akwai wani abin al'ajabi da ya auku a Ingila wanda ya isa misali. Ran 4 ga Yuli 1990, a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, Ingila ta kara da Jamus ta Yamma a wasan kusa da na ƙarshe, har aka kai ga bugun fenariti, Ingila ta faɗi. Da aka tashi, sai miliyoyin mutanen da suka yi awa biyu da wani abu cur a gaban talabijin suka miƙe a tare cikin ɓacin rai, wannan ya kunna fitilar madafa, wancan ya buɗe firji, akasarinsu kuwa suka jona butar shayi, don Baturen Ingila ko murna ko baƙin ciki da shayi yake tarbarsu. Cikin 'yan mintoci bukatar wuta ta hau da megawat 2,800, watau kusan ninki huɗu na duk ƙarfin da aka gina madatsar Kainji ta bayar, wanda shi ne megawat 760. Domin irin wannan rana ne mutanen Birtaniya suka fafe cikin wani dutse a ƙasar Wales suka gina tashar Dinorwig, wadda aka buɗe a 1984. Da dare, sa'ad da mutane ke barci wuta ta yi araha, sai a tura ruwa daga tafkin gindin dutse zuwa na bisa. In bukata ta taso farat ɗaya sai a sako shi, kafin a cika daƙiƙa ashirin injunanta shida sun ɗauki kaya. Wajen rubu'in wutar yana salwanta a wannan hawa da sauka, duk da haka suna ganin riba ce.

To, shekara da shekaru dabarar masana ita ce a bi bukata duk inda ta nufa, in ta hau a ƙara tasha. Illar wannan a fili take ga mai hankali, gama tashar da aka gina don cunkoson tsakanin magariba da lisha sai ta wuni a zaune, alhali kuwa kuɗin gininta da na tsaronta yana wuyan masu biyan kuɗin wuta, daidai da mutumin da ya sayi raƙumi don kayan da yake ɗauka sau ɗaya a mako, yana ciyar da shi kwana bakwai. Daga nan masu bincike suka juya tambayar, suka ce shin ba a iya lallashin bukatar ita ma ta matsa?

Binciken ya rabu biyu. Na farko tattali ne, watau a yi aiki iri ɗaya da wuta kaɗan, kuma hujjarsa tana kusa da mu. A 2007, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo har aka shiga rabon wuta, gwamnatin Ghana ta raba ƙwayayen fitila masu tattali guda miliyan 6 kyauta, tana karɓe tsofaffin nan masu zafi, sai bukatar lokacin cunkoso ta sauka da megawat 124, ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba. Ƙwan LED na yau ya fi waɗancan ma, don mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Yi lissafi da kanka: gida miliyan ɗaya, kowanne ƙwai biyar, an rage wat 51 a kowane ƙwai, ya tashi megawat 255, sulusin Kainji ke nan. Malamanmu tun tuni sun karhanta israfi cikin ruwan alwala ko da mutum yana bakin kogi, balle abin da ake rabo.

Na biyu ya fi wuya, ya kuma fi ban sha'awa, shi ne sauya wa bukata lokaci. Ingila ta fara da tsarin Economy 7 a 1978, inda wutar awa bakwai na dare take da rangwame, mutane suka riƙa ɗumama ruwa da ɗakuna a lokacin. Faransa tana da tsarin Tempo, wanda ya kasa shekara zuwa kwana 300 shuɗɗa masu araha, 43 farare, da 22 jajaye masu tsada ƙwarai a tsakiyar hunturu, ana kuma sanar da launin gobe tun yau. Amma duk wannan ba ya kammala sai da mitar da ta san lokaci, wadda ke rubuta abin da aka sha kowane rabin awa ta aika da kanta ba sai malamin mita ya zo ba. Italiya ce ta riga kowa, kamfanin Enel ya kafa wajen miliyan 30 daga 2001. Idan aka haɗa irin waɗannan mitoci da na'urorin awo a kan layuka da taransifoma, da kwamfutar da ke tattara labarinsu, shi ne ake kira hanyar wuta mai basira, wadda labari ke bi ta gaba da baya, ba wuta kaɗai ba.

An jarraba wannan sosai a hunturun 2022 zuwa 2023, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukren ya sa iskar gas ta yi tsada. Masu tsaron mizanin Birtaniya suka yi shela cewa duk gidan da ya rage shan wuta a sa'ar da aka ambata za a biya shi, har fam 3 a kan kowane yunit lokacin gwaji. Ran 23 ga Janairu 2023, daga ƙarfe 5 zuwa 6 na yamma, aka fara yi da gaske. Gidaje da wuraren sana'a miliyan 1.6 suka shiga cikin wannan hunturu. Ba su kwana da yunwa ba, wanki da girkin tanda kawai suka jinkirta zuwa bayan sa'ar.

Mai karatu na iya yin murmushi ya ce ai mu mun daɗe muna rage bukata, tun da kullum ana ɗauke mana wuta. Gaskiya ne, sai dai akwai bambanci tsakanin azumi da yunwa, ɗaya da niyya da lada, ɗaya kuwa tilas. Ɗauke wuta yana haɗa asibiti da mai guga a duhu ɗaya, ba ya tambayar wa zai iya jira. A ganina babban cikas a wurinmu shi ne awo. Mutumin da ba shi da mita, ana kawo masa takardar ƙiyasi ko ya sha ko bai sha ba, don me zai kashe ƙwan ƙofar gida da rana tsaka? Wanda ke da mitar kati ma, rukunonin farashin Nijeriya daga A zuwa E an gina su ne bisa yawan awoyin da ake ba unguwa wuta, awa 20 ga rukunin A har zuwa awa 4 ga E, ba bisa sa'ar da mutum ya sha ba, saboda haka yunit ɗin hantsi da na magariba kuɗinsu ɗaya. Kuma ko an gyara wannan, dole a yi adalci ga wanda ba shi da ikon jinkiri, kamar majiyyaci da mai jego cikin zafin bazara, kada tsadar maraice ta faɗa kan mai rauni.

Amma ayyukan da ke iya jira suna da yawa a garuruwanmu, kuma Allah ya hore mana rana wadda faifan sola ke mayarwa wuta tun daga hantsi har la'asar. Mai injin niƙa na iya tara kwanukan unguwa ya niƙa da azahar, mai ƙanƙara ya daskarar da ita da rana ta kai shi dare, manomin rani ya yi ban ruwa kafin rana ta karkata. Na taɓa tsayawa bakin wata rijiyar burtsatse mai sola wajen ƙarfe goma sha biyu, ba kowa a wurin sai awaki a inuwar tanki, famfo yana ta gunji a hankali yana tura ruwa bisa. Da na komo bayan magariba famfon ya yi tsit, 'yan mata kuwa sun jera bokitai da jarkoki, ruwan da rana ta hau da shi yana sauko musu.