Darasin Tarihi: Jorj Konda, Depiten da Aka Haifa a Maradi

Depite shi ne ɗan majalisa. Jama'a ne suke zaɓen sa, ya je ya yi magana da bakinsu inda ake yin dokoki. Wato ɗan aike ne. Wannan darasi yana ba da labarin wani depite ɗan Maradi, Jorj Mahaman Konda. Da rubutun faransanci ana rubuta sunansa Georges Condat. Labarinsa yana nuna yadda ƙuri'a ta fito daga hannun mutane kaɗan ta shiga hannun kowa.

Asalinsa

An haifi Konda a Maradi cikin shekarar 1924. Ubansa Bafaranshe ne, uwarsa 'yar ƙasa ce. A lokacin garin Maradi yana can ƙasa cikin fadama, bakin gulbi. Sai bayan ambaliyar 1945 ne aka ta da garin, aka mai da shi bisa tudu.

Zamanin ƙuruciyarsa Nasara ke mulki. Manomin Tibiri da na Jiratawa suna noma gero da gyaɗa, suna biyan haraji. Ana kwasar su aikin dole. Komandan yana iya kulle mutum ba tare da shari'a ba. Ba mai tambayar talaka ra'ayinsa. 'Ya'yan da suka shiga lakwal kuwa ba su da yawa. Konda yana cikin waɗanda suka samu karatu.

Zaɓen 1948

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka fara canzawa. A 1946 aka soke aikin dole. A shekarar nan aka kafa jam'iyyar PPN-RDA, mai alamar giwa. Aka zaɓi Diori Hamani ya zama depiten Nijar a majalisar Faransa, can birnin Paris.

Gwamnan Nijar na lokacin, Jan Tobi, ba ya son RDA, don tana sukar mulkin Nasara. Saboda haka a 1948 aka kafa wata jam'iyya a Maradi, sunanta UNIS. Gwamna ya goya mata baya, sarakuna da yawa suka shiga. A shekarar nan aka ƙara wa Nijar kujera ta biyu a majalisar Faransa. UNIS ta tsai da Konda, RDA ta tsai da Jibo Bakari. Konda ya ci zaɓe. A sa'an nan bai kai shekara 25 ba.

Amma su wa suka jefa ƙuri'a? Ba kowa ba ne. Doka ta ba masu sarauta, da ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin soja, da 'yan kasuwa masu takardar izini. A 1947 aka ƙara da wanda ya iya karatun faransanci ko larabci. Galibin manoma suna gona ranar zaɓe, don ba sunansu cikin takarda. Ke nan an zaɓi ɗan aike, amma mafi yawan masu saƙon ba a tambaye su ba.

A 1951 aka sake buɗe ƙofa kaɗan. Magidanta masu biyan haraji da matan da suka haifi 'ya'ya biyu suka samu ƙuri'a. A zaɓen shekarar UNIS ta cinye kujeru biyun duka. Konda ya koma Paris tare da Zodi Ikiya. Diori ya faɗi.

Canjin jam'iyya

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda gwamna ya taimaka wa ya hau kujera, wuya ne ya ɗaga masa murya. Amma masu ƙuri'a suna ƙaruwa, kuma ba duka ne suke bin abin da gwamna yake so ba. Rigima ta shiga UNIS. A 1953 Konda ya fita, ya kafa tasa jam'iyya, UPN. A 1955 ya haɗa kai da Isufu Saidu Jarmakwai, suka yi BNA. A zaɓen Janairun 1956 Konda ya sake samun kujera, Diori ma ya dawo.

Cikin 1956 ɗin Faransa ta yi wata babbar doka. Dokar ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace, mai karatu da marar karatu. Daga nan manomin Jiratawa da mai sai da fura a kasuwar Tibiri suka zama daidai da mai rawani a gaban akwatin zaɓe. Duk mai son kujera dole ya je ƙauye ya nemi yardar mutane.

A ƙarshen shekarar Konda ya haɗa kai da Jibo Bakari, mutumin da ya kayar a 1948. Jam'iyyarsu ita ce aka sani da Sawaba, mai alamar raƙumi. A watan Maris 1957 aka yi zaɓen majalisar ƙasa da ke Yamai. Cikin kujeru 60, Sawaba ta samu 41, RDA ta samu 19. Jibo ya kama ragamar gwamnati. Konda ya zama shugaban majalisa.

I ko a'a

Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Dagol, shugaban gwamnatin Faransa, ya sa aka yi wata ƙuri'a. Wanda ya ce i, yana son a ci gaba da zama tare da Faransa. Wanda ya ce a'a, yana son 'yancin kai nan take. Sawaba ta ce a'a. RDA ta ce i. Faransa ta aiko sabon gwamna, aka matsa wa mutane lamba. Sarakuna da yawa suka bar Jibo. Da aka ƙirga, 78 cikin 100 na ƙuri'un i ne. Amma mutane da yawa ba su fita zaɓen ba.

Gwamnatin Jibo ta sauka, aka rushe majalisa. A watan Disamba aka yi sabon zaɓe. Diori ya kama mulki, Bubu Hama ya zama shugaban majalisa. Haka Konda ya bar kujerarsa. A 1959 aka hana jam'iyyar Sawaba. Nijar ta samu 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960.

Daga baya Konda ya yi wa gwamnatin Diori aikin jakada. Ya wakilci Nijar a Amurka daga 1970 zuwa 1972. Ya rasu a Yamai cikin shekarar 2012.

Abin da za a riƙe

Shekara goma Konda ya yi yana depite. Ya fara da goyon bayan gwamna da sarakuna. Da talakawa suka samu ƙuri'a, sai ya nemi abokai inda talakawa suke. Kujerar depite aro ce, masu ita su ne masu ƙuri'a. Amma mai aike ba ya bin sawun ɗan aikensa in bai san abin da ake ciki ba. Wanda ya iya karatu yana duba sunansa a katin zaɓe da kansa. Yana karanta jarida, yana rubuta alkawarin da aka yi wa garinsu, ya aje har ranar tambaya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Jorj Konda, kuma a wace shekara?
2. Su wa suke da izinin jefa ƙuri'a a 1948?
3. Me dokar 1956 ta canza?
4. Mene ne ma'anar i da a'a a ƙuri'ar 1958?
5. A tambayi tsofaffin gari abin da iyayensu suka gaya musu game da giwa da raƙumi. A rubuta layi biyar, a kawo aji.