Ɗana, Kafin Ka Shiga Aikin Gidan Tarihi

Ɗana, labari ya iso gare ni cewa kana shirin komawa jami'a ka yi digiri na biyu a fannin tarihi, da niyyar in ka gama ka yi aiki a gidan tarihi ko wurin adana tsofaffin takardu, kuma har wasu sun fara tambayarka me za ka ci a ciki. Kada ka ji haushinsu, domin tambayar tasu tana da tushe. Gwamnati ce kusan kaɗai mai ɗaukar ma'aikata a wannan fanni, gurbi ba ya yawan samuwa, albashin kuma na rufin asiri ne kawai. Gara ka ji wannan daga bakina tun yanzu. Duk da haka ina bayanka, Allah Ya sa albarka, sai dai ina so ka san abin da za ka je koyo.

A Amurka fannin nan na kai tarihi ga jama'a yana da digirinsa na musamman, wanda aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a 1976. A nan wurinmu yawanci ta sashen tarihi ake shiga, ko na binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, ko na ilimin laburare, saboda haka da yawa daga abin da aikin ke buƙata kai ne za ka nemo wa kanka a wajen aji. Ka je Gidan Arewa a Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, ka zauna ka ga yadda ake karɓar takarda, a ba ta lamba, a rubuta bayaninta. Ka leƙa reshen Kaduna na ma'adanar takardu ta ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954, inda rahotannin Razdan da Di'o da lissafin haraji da jangali suke jibge. Ka ga Gidan Makama a Kano, da gidan tarihi na Jos da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, in kuma hali ya yi ka tsallaka Yamai ka ga na Boubou Hama.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne karatun Larabci da ajami. Takardun Turawa suna gaya maka abin da mai mulki ya gani, ko abin da ya so na sama da shi su ji, amma wasiƙun sarakuna da hukuncin alƙalai da waƙoƙin malamai, a Larabci da ajami suke, da rubutun hannu irin namu wanda ko Balarabe sai ya saba da shi kafin ya karanta. Littafin da Murray Last ya fitar a 1967 kan Daular Sakkwato bai samu ƙarfinsa ba sai don zaman da ya yi da takardun Waziri Junaidu. Saboda haka ka nemi malamin zaure ka durƙusa gabansa kamar kowane almajiri, ko da kana da digiri a aljihu, domin mai digirin da ba ya iya karanta abin da aka ba shi ajiya, tsaron ƙofa kawai yake yi.

Sai kuma aikin hannu, wanda matasa suka fi rainawa. Abokan gabar takarda su ne gara da ɓera da danshin damina da ƙurar hunturu, sai kuma mai kyakkyawar niyya wanda bai san aiki ba, wanda zai ga takarda ta yage ya manna mata salatif, ko ya kai a rufe ta da leda mai zafi, ya kashe ta yana zaton ya cece ta. Ka koyi ɗaga takarda ka duba ta a haske, domin da yawa daga cikin tsofaffin littattafanmu a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku aka rubuta su, wadda fatake suka riƙa kawowa ta Sahara, kuma irin wannan alama takan taimaka wajen gane zamanin rubutu. Ka koyi ɗaukar hoto da adana shi a kwamfuta da suna da lamba. Shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yana ba da tallafin irin wannan aiki bisa sharaɗin takardun asali su zauna a ƙasarsu, kuma mai gwaninta kan samu abin yi ta nan.

Mafi yawan takardunmu, ɗana, ba a hannun gwamnati suke ba, suna cikin gafaka da adaka a gidajen malamai, gadon kakanni ne. In ka je ka ga maigida yana jan ƙafa, kada ka ce jahilci ne, domin an sha karɓar littafi da sunan aro a gidaje irin nasa, bai dawo ba. Ka gaishe shi da ladabi, ka koma sau da yawa, ka yi aikinka a gabansa, ka bar masa kwafin hoton da ka ɗauka, ka rubuta sunan gidan a bayaninka in ya yarda. Ka tuna a Timbuktu, lokacin da aka ƙona dubban littattafai a Cibiyar Ahmed Baba a 2013, mafi yawan abin da ya tsira iyalai ne da masu kula da laburarensu suka ɓoye shi, suka kwashe shi a akwatuna zuwa Bamako.

In Allah Ya ba ka aikin, ranar da aka kawo 'yan makaranta ziyara kada ka tura su wurin masinja. Ka fito da kanka, ka yi musu bayani da Hausar da za su gane, ka gaya musu cewa kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000, ka bar su su yi ta tambaya har su gaji. Ka gaida mahaifiyarka, ka kuma sanar da ni jami'ar da ka tsayar.