Allurar da Ake Tacewa Daga Jini: Wa Ke Auna Ingancinta?

Gabatarwa

Ciwon gwiwa yana daga cikin lalurorin da ke raba manomi da gonarsa. A gari irin Tsaskiya ta ƙaramar hukumar Safana, mai wannan ciwo yakan fara da ƙaho wurin wanzami, in abin ya faskara ya nufi asibitin Dutsin-ma ko na Katsina. Wanda neman magani ya kai shi asibitocin kuɗi na manyan birane yana iya jin labarin wata allura mai tsada da ake kira PRP, wadda ake haɗawa daga jinin majinyacin. Akan ce ba ta da illa tunda jininsa ne. Wannan magana tana buƙatar nazari.

Yadda Ake Haɗa Ta

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu daskarar da shi idan an ji rauni, waɗanda ake kira filatilet. Suna kuma fitar da sinadaran da ke taimaka wa tsoka ta warke. Lafiyayyen mutum yana da guda 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Likita yakan ɗebi jini ya sa a na'urar da ke wulwula shi da gudu. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙwarya, ruwan jini ya taso sama. Sashen ruwan da filatilet suka taru a cikinsa shi ake zuƙa a yi wa majinyaci allura.

Matsalar Ma'auni

A shekarar 2001, Robert Marx, likitan tiyatar muƙamuƙi a Amurka, ya ba da shawarar cewa PRP na ƙwarai ya ƙunshi filatilet miliyan ɗaya a kowace maikirolita. Sai dai har yau babu ma'auni guda da duniya ta amince da shi. Na'urori sun bambanta, haka gudun wulwulawa, haka jinin mutane. Saboda haka asibitoci biyu suna iya sayar da abubuwa mabambanta da suna ɗaya.

Amfaninta ma yana da sauran magana. A wani bincike da aka buga a 2021, masana a Ostireliya sun raba masu amosanin gwiwa 288 gida biyu: wasu aka yi musu PRP, wasu ruwan gishiri kawai. Bayan wata 12 ba a sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba a zafin ciwonsu.

Matsalar Tsabta

Jinin na majinyaci ne, amma allura da kwalba da hannun ma'aikaci ba nasa ba ne. A 2018 hukuma ta rufe wani shagon gyaran fata maras lasisi a jihar Niyu Meziko ta Amurka, inda aka tarar da kwalaben jini ba suna a cikin firji tare da abinci. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta danganta kamuwar mata uku da ƙwayar cutar ƙanjamau da shagon. Hatsarin ɗaya ne da na askar da ake tsaga wa mutum biyu ba a tsabtace ta ba.

Masu Sa Ido a Nijeriya

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna da kayan aikin asibiti. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ita ke ba likita lasisi. A 2021 kuma aka sa hannu kan dokar Hukumar Kula da Harkar Jini ta Ƙasa, domin daidaita ɗiba da adana jini da abin da ake tacewa daga cikinsa.

Kammalawa

Kafin manomi ya sayar da hatsi ko dabba domin wannan allura, ya kamata shi ko ɗansa ɗalibi ya yi tambaya huɗu. Likitan yana da lasisi? Kayan aikin sababbi ne masu rajista, an kuma buɗe su a gabansa? An ƙirga filatilet ɗin? Wane bincike ya nuna tana maganin irin ciwonsa? Likitan ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin ya san ba girin-girin ba, ta yi mai.