Amsar Tambaya: Me Ya Sa Kullum Yake Cinye Ni?

Tambaya: Ni matashi ne a Anu Araren, mahaifina ma'aikacin SONICHAR ne. Da yamma muna buga ƙwallon PlayStation, amma wani abokina kullum sai ya cinye ni, alhali na fi shi saurin yatsa. Mene ne sirrin?

Amsa: Ƙanena, abokinka ya fi ka karanta wasa ne. Kai idonka na kan mai riƙe da ƙwallo, shi kuwa yana satar kallon ƙaramar taswirar da ke ƙasan allo, ya hango gurbi kafin ya ba da ƙwallo. Ya san danna gudu ba ƙaƙƙautawa na cinye ƙarfin ɗan wasa, don haka yakan yi tanadi, ya sako sabbin jini bayan minti 60. Ya kuma haddace halinka: in ka saba bi ta dama, can zai tare ka.

Tun da wasan ƙwallo na PES ya koma eFootball a 2021, na FIFA kuma ya koma EA Sports FC a 2023, salon wasan na ta sauyawa, gwani kuma shi ne mai bibiya. Ka zauna bayan abokinka, ka lura da lokacin da yake canza tsari. Amfanin hankali aiki da shi. Amma don Allah kada wasa ya cinye maka karatu da salla.