Yadda Masar Ta Farfaɗo A Zamanin Sarakunan Sayis

A shekara ta 671 kafin haihuwar Annabi Isa, Assuriyawa, watau mutanen arewacin ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, suka ci Masar da yaƙi. Ƙasa ta rarrabu, kowane hakimi yana cin gashin kansa. Ku lura, shekarun wancan zamani raguwa suke yi, watau 671 ta riga 664.

A 664 Samtik na Ɗaya ya ci sarautar Sayis, wani gari a arewacin Masar, inda Kogin Nilu ya yi rassa kafin ya faɗa Bahar Rum. Da fari yana bin Assuriyawa. Sannu a hankali ya tara sojan haya, galibinsu Yunanawa da maƙwabtansu Kariyawa, ya rinjayi hakiman arewa. Kudu kuwa bai ɗaga mata takobi ba. A 656 ya aika da 'yarsa Nitokris birnin Tibis, aka naɗa ta magajiyar babbar mai hidimar gunkin Amun, wadda ke riƙe da dukiya mai yawa. Da wannan dabara Masar ta koma hannun sarki ɗaya. Samtik ya shekara 54 bisa gadon sarauta, ciniki ya bunƙasa, masassaƙa suka koma kwaikwayon aikin kakanninsu.

Ɗansa Neko na Biyu ya so ya mallaki ƙasar Sham, amma a 605 Nebukadnezzar na Babila ya fatattaki rundunarsa a Karkemish, bakin Kogin Furat. Shi ne kuma ya fara haƙa hanyar ruwa daga Nilu zuwa Bahar Maliya, bai ƙarasa ba.

Sojan Masar ba su ji daɗin fifikon da ake ba baƙi ba. A 570 suka yi wa Sarki Afiris tawaye, suka naɗa wani jarumi nasu, Amasis. Shi ma da ya zauna, sai ya ga ba ya iya rabuwa da Yunanawa. Ya ware musu garin Naukratis ya zama kasuwarsu, ya kuma ƙulla abuta da sarakunan Lidiya da Babila don tsoron Farisa.

Farisawa suka ci abokan nan biyu ɗaya bayan ɗaya. Masanin tarihi Herodotus ya ce wani shugaban sojan haya, Fanes, ya gudu wurin Kambisis, Sarkin Farisa, ya tona masa asirin Masar. A 525 Kambisis ya ci Samtik na Uku a Felusiyum, sarautar gidan Sayis ta ƙare bayan shekara 139. Hikima ta haɗa Masar, amma takobin da ta dogara da shi na haya ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Tambayoyi

1. Ta yaya Samtik ya sami kudancin Masar ba da yaƙi ba?
2. Me ya sa sojan Masar suka yi wa Afiris tawaye?
3. Mene ne haɗarin dogara da sojan haya?